ZANEN TATU: DA KUƊINKA KA SAYO KWAƊON DA ZA A RUFE MAKA ƘOFA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon wani lamari ne da ya sami wani ƙanenmu a unguwa, wanda har yanzu in na tuna sai in ji ɗaci a maƙogwarona. Ba zan faɗi sunansa ba, domin sirrin musulmi amana ne. Amma da izininsa nake ba da labarin, shi da bakinsa ya ce in rubuta ko Allah Zai sa wani ya tsira.

Islamiyyarmu ɗaya da yaron nan, yana bayana da aji uku. Maraya ne. Da ya gama sakandare bai sami mai ɗaukar nauyinsa ya wuce gaba ba, sai ya bi ayarin masu tafiya Legas ya kama acaɓa. A can ne wata rana abokan zama suka ja shi wurin wani mai zane, aka zana masa mikiya ta buɗe fukafukai a kafaɗarsa ta dama. Ya rantse mini da Allah cewa shi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kawai ya tuna, ba shi da wata manufa. Da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, sana'a ta mutu, ya tattaro komatsansa ya dawo gida. Ya koma sahun masallaci, ya koma karatun dare, kowa yana yabon natsuwarsa.

Sai aka buɗe ɗaukar aikin ɗamara a ɗaya daga cikin rundunonin ƙasar nan, ba sai na ce wacce ba. Ya cike ta intanet, sunansa ya fito. Mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta biyu ta haɗa masa kuɗin mota da na takardu. Kiredit ɗinsa sun cika, takardar shaidar ƙaramar hukuma tana hannu, aka gwada tsawo ya wuce, aka yi gudu ya shigo cikin na farko. Sai aka ce kowa ya tuɓe riga. Jami'i yana bin layi da 'yar sanda a hannu, ya zo kansa, ya nuna kafaɗar ya ce, “Kai, fita.” Iyakar hirar ke nan. Ba wanda ya duba sakamakonsa, ba wanda ya tambaye shi ma'anar zanen. Ya ce yana fita ya ɗaga kai, sai ga mikiya ɓaro-ɓaro a tambarin ƙasa da ke saman ƙofar. Wadda ke jikin bango alamar ƙasa ce, wadda ke kafaɗarsa kuwa an karanta ta a matsayin alamar ƙungiyar asiri.

Da ya dawo, kunya ta hana shi gaya wa tsohuwar gaskiya. Wani ya ba shi shawarar ruwan batir. Ya shafa, fata ta ɗaye, ya yi sati uku yana jinya, gyambon ya warke ya bar masa wani tabo mai tudu kamar an ɗora tsoka, kuma fukafukin mikiya na nan ta gefe yana leƙe. Bana shekarunsa sun haura ƙa'idar ɗauka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

ABIN DA TAKARDA TA FAƊA TUN KAFIN KA JE

Ɗan'uwa, kada ka ɗauka tsautsayi ne ya hau kan mutum ɗaya, ko kuwa jami'in ne mugu. Abin a rubuce yake. Duk sanarwar ɗaukar kuratan sojan ƙasa da kake gani, waɗanda ake kaiwa horo Defo na Zariya, a cikin sharuɗɗanta akwai cewa kada mai nema ya kasance da zane ko rubutu a jikinsa, kuma kada ya kasance ɗan ƙungiyar asiri. Sanarwar ɗaukar 'yan sanda ita kuma ta jera abubuwan da ke fitar da mutum daga layi: gwame, ƙafar baka, in'ina, raunin gani, yankewar gaɓa, sannan ta sa zanen tatu da babban tabo a cikin jerin.

Tsaya ka sake duba jerin nan. Mai gwame haka Allah Ya halicce shi. Mai in'ina bai zaɓa ba. Wanda ya rasa yatsa haɗari ne ya same shi, in ya yi haƙuri ma lada yake samu. A duk jerin, mutum ɗaya ne ya tafi da ƙafarsa, ya zauna a kan benci, ya cije haƙori, ya zaro kuɗin guminsa ya biya don a saka shi cikin sahun waɗanda za a kora. Shi ne mai tatu. In kuma ya koma ya ƙone wurin kamar yadda ƙanenmu ya yi, to ya gudu daga layin zane ya faɗa layin tabo.

Me ya sa suke tsananta wannan? Dalilinsu a fili yake. Ƙungiyoyin asirin da suka yi ta kashe ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan kowace da alamarta: wata gatari, wata tsuntsu, wata ƙoƙon kan mutum. Jami'in da ke da matasa ɗaruruwa a gabansa cikin rana ba shi da lokacin zama ya bambance mikiyar ƙwallo da tsuntsun 'yan asiri. Hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya ce fita. Na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo.

Na san a cikin 'yan'uwa akwai masu ra'ayi daban-daban game da aikin kaki shi kansa. Wannan bahasi ne na malamai, ba shi ya zaunar da ni ba. Abin da nake nunawa shi ne, matashi ya bar aiki don ya zaɓi barinsa daban ne, a kore shi kamar kare saboda hoton tsuntsu kuma daban ne.

WAI “DUNIYA TA CANZA”

Da ka ɗauko wannan magana a majalisa, sai wani ɗan gayu ya taso maka: “Malam, kai ka tsaya a da. Yanzu a Turai har likitoci da sojoji suna da tatu, ba ya hana aiki.” To bari mu bi shi har Turan, mu gani.

Gaskiya ne an sassauta a wasu wurare. Sojan Ingila sun halatta zane a hannu da bayan wuya a 2014. Kamfanin Disney ya bar ma'aikatan wuraren shaƙatawarsa su bayyana zane a 2021. Kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic ya yi haka a 2022. A watan Yunin 2022 sojan ƙasa na Amurka suka yarda da ƙaramin zane a hannu da bayan kunne da bayan wuya, amma ban da fuska. Ba mu musun wannan, mu ba maƙaryata ba ne.

Amma ɗan gayun bai gaya maka dalili ba. A wannan shekarar ta 2022 sojan Amurka sun nemi kurata 60,000, suka kasa cikawa da kusan 15,000. Mutane suke nema ido rufe. Kuma binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 32 cikin 100 na manyan Amurkawa suna da zane. In mutum ɗaya cikin uku yana da abu, kuma kai ne kake roƙon a zo a yi maka aiki, ai dole ka runtse ido. Yunwar ma'aikata ce ta lanƙwasa dokar.

Yanzu dawo gida ka dubi naka layin. A ranar 15 ga Maris 2014, matasa sama da 500,000 ne suka biya naira dubu-dubu suna neman guraben aikin shige da fice waɗanda ba su kai 5,000 ba, aka cusa su a filayen wasa, turmutsutsu ya ci ran aƙalla mutum 16. A 2016 aka ce za a ɗauki 'yan sanda 10,000, masu nema suka haura 900,000. Wato kujera ɗaya, mutum casa'in. Mai tantancewa a irin wannan hali ba dalilin ɗaukarka yake nema ba, dalilin rage yawanku yake nema. Kai kuma ka zo masa da dalilin a rubuce a kafaɗa. A can ana bin matashi ana lallashi, a nan ana tattake shi a bakin ƙofa. Ta yaya mai hankali zai ɗauki dokar can ya auna rayuwarsa ta nan da ita?

Wannan binciken na Pew ya ƙara tona wani asiri. A cikin Amurkawa masu ƙaramin ƙarfi kashi 43 ne ke da zane, a cikin masu hali kuwa kashi 21 kacal. Kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu zanen sun ce suna nadamar wani daga cikin zanensu. Ka ji fa! A gidan masu abin ma, talaka ne ya fi cika jikinsa da tawada, mai kuɗi ya fi barin fatarsa yadda take. Masu kamfanin da ke sayar maka da faifan waƙa da rigar ƙwallo suna zaune a ofis da fata sumul, kai ne kasuwar.

Sa'annan duniya ai ba Amurka ce kaɗai ba. A Japan, a 2012, magajin garin Osaka, Toru Hashimoto, ya sa aka bi ma'aikatan birnin dubbai ana tambayar wa ke da zane, domin a can jama'a na danganta shi da 'yan ta'addar Yakuza, kuma har gobe gidajen wanka da yawa ba sa barin mai zane ya shiga. A ƙarshen 2021 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta hana 'yan wasan ƙwallon ƙasar yin sabon zane. Kamfanonin jiragen Emirates da Qatar Airways ba sa ɗaukar ma'aikacin cikin jirgi mai zanen da ke bayyana a cikin kayan aiki. Shin Japan da Sin ƙauyawa ne? Ko kuwa wayewar ba ta isa can ba?

Har a ƙwallon da ake ruɗarku da shi, Muhammad Salah ba shi da zane, Sadiyo Mane ba shi da shi, Ingolo Kante ba shi da shi, Kiristiyano Ronaldo ma da ba musulmi ba, ba shi da shi. Me ya rage su da shi? Wanda kuwa ya cika jikinsa da zane a cikinsu, albashinsa na mako ɗaya ya fi abin da zuri'arku za ta tara, ba zai taɓa tsayawa a layi da farar singileti yana jiran a ce ya tuɓe ba. Shi ya ci ya ƙoshi ya yi wasa da jikinsa. Kai da ba ka karya kumallo ba, me ya kai ka? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

BA AIKIN KAKI KAƊAI BA

Wani zai ce shi ba ya sha'awar aikin gwamnati, kasuwa zai shiga. Madalla. To a kasuwar wa zai ba ka jari? A Kantin Kwari ko Singa ko kowace kasuwa tamu, yaro ba ya shiga da takardar digiri, da amana yake shiga. Wani dattijo ne zai kama hannunka ya kai ka wurin alhaji ya ce, “Ga yarona, na tsaya masa.” Alhajin nan zai damƙa maka makullin shago da kayan miliyoyi ba tare da ko sa hannu ba. Jarinka kaf shi ne yadda ake ganinka. Ranar da ka naɗe hannun riga za ka yi alwala a bakin shago ya hango kunama a damtsenka, ba zai ce maka komai ba, mutanenmu ba sa faɗa a fuska. Kawai za ka ga an daina aikenka banki, an ba wani makulli, bayan wata biyu a ce kasuwa ta ja baya ka ɗan huta tukuna.

Haka magidancin da ke neman direban da zai riƙa kai 'ya'yansa mata makaranta. Haka kamfanin gadi. Haka mai makarantar kuɗi da ke neman malamin firamare. Haka manajan banki ko otal da ke neman wanda zai tsaya gaban baƙi. Ba ɗayansu da zai rubuto maka cewa saboda zane aka ƙi ka. “Za mu neme ka” kawai za ka ji, ka yi ta jiran waya har ta mutu. Wannan ya fi na bariki ciwo, domin a bariki an gaya maka laifinka, a nan kuwa sai ka shekara kana zargin maƙiya da sammu alhali sammun yana ƙarƙashin rigarka. Ban ma taɓo ranar da waliyyan yarinya za su aiko a binciki halinka ba.

Akwai kuma wata ƙofar da allurar ke rufewa ta bayan gida. Allurar da aka soka wa wani aka soka maka, ko tawadar da aka tsoma wa mutum goma, hanya ce ta ciwon hanta nau'in B da C, da kuma ƙanjamau. Ciwon hanta yakan zauna shekaru a jiki shiru. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna gwada jinin mai zuwa aiki kan waɗannan cututtuka kafin su ba shi izinin zama. Sai mutum ya sayar da gonar gado ya biya ejan, a wurin gwajin jini tafiya ta ƙare. Zanen yana ɓoye a cikin riga, amma jini ya tona.

ABIN DA MAI ZANE BA ZAI GAYA MAKA BA

Da yawa suna shiga ne da tunanin in sun gaji za su goge. Bari in yi maka bayanin yadda abin yake. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama kullum cikin saɓulewa take tana sabuntawa, shi ya sa lallen da mata ke yi yake gushewa cikin sati biyu ko uku, domin a sama ya tsaya. Allurar tatu kuwa tana huda ta saman ne ta kai tawada hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, tana suka ɗaruruwa ko dubbai a minti ɗaya. Sojojin jini su taso su haɗiye ƙwayoyin tawadar, su kasa narkar da su, su zauna da su a wurin. Sabulu ba ya kaiwa can, dutsen goge kaushi ba ya kaiwa, ruwan batir kuwa sai ya cinye fatar kafin ya kai.

Hanyar da likitoci ke bi ita ce na'urar leza, mai farfasa tawadar da haske. Ba zama ɗaya ba ne. Sau da yawa sai an yi zama shida zuwa goma ko fiye, tsakanin kowane zama sati shida zuwa takwas, ka ga an tasar wa shekara ko fiye. Kuɗin ya ninka na yin zanen sau da yawa, na'urar kuma sai manyan birane. Ga mu baƙar fata akwai ƙarin haɗari, domin hasken yakan taɓa launin fatar ita kanta ya bar fari kamar na ƙuna, kuma jikinmu ya fi saurin yin tabo mai tudu. Zaman awa ɗaya a kan benci, jinyar shekara. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

HUKUNCIN ALLAH YA RIGA NA MAI ƊAUKAR AIKI

Ya ɗan'uwa, duk abin da na lissafa a sama ribar ƙafa ce. Kada ka fahimce ni a kan cewa mun bar tatu don tsoron manaja. In don manaja ne, gobe in ya canza doka sai mu ma mu canza ke nan? A'a. Mu tun kafin a kafa rundunar soja ko a gina banki an riga an yanke mana hukunci.

Abin da ake kira tatu yau ba sabo ba ne. Larabawa suna kiransa washmu, kakanninmu suna kiransa jarfa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) da Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa an la'anci mai yin jarfa da mai neman a yi mata. Malamai sun bayyana cewa lafazin ya zo da siffar mata ne saboda su suka fi yi a wancan zamani, amma hukuncin ya haɗa da maza. Kuma duk laifin da aka haɗa shi da la'ana, to yana cikin manyan zunubai. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kan wannan hani. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah Ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na sa 'yan Adam su canza halittar Allah. A Suratut Tin kuwa Ya shaida mana cewa a mafi kyawun tsari Ya halicce mu. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi masa. Jaki fa! To ina ga fatar mumini mai sujada?

Ka kuma tambayi tarihi su wa ake yi wa hatimi a jiki. Turawan da suka yi fataucin bayi a gaɓar tekun Afirka ta Yamma da jan ƙarfe suke buga wa kakanninmu baƙar fata harufan kamfani a ƙirji ko kafaɗa kafin a loda su a jirgi. 'Yan Nazi a sansanin Aushwis lamba suke zana wa fursuna a hannu a madadin sunansa. Waɗancan an danne su ne suna kuka. Jikokinsu kuma yau su ne ke bin layi da kuɗinsu, suna murmushi suna ɗaukar hoto a waya. Kaico!

Wani zai ce, “To tsagar gado fa? Ga kakanka can da gobirci, ga baffanka da bille.” Amsa ita ce, wanzami ya yi musu suna jarirai, ba da shawararsu ba, alƙalami bai hau kansu ba. An yi ta ne a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi don a gane ɗan wane gari ne. Malamai suka yi ta wa'azi har iyayenmu suka bari, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma a sashe na 24 ta hana yi wa yaro tsaga ko zane. Yau da wuya ka ga jaririn birni da tsaga. Abin kunya ne a ce iyayenmu sun bar tasu ta gado saboda Allah, mu kuma mu je mu sayo ta wasu saboda mawaƙi.

Mai cewa arziki na Allah ne, zane ba ya hana rabo, gaskiya ya faɗa, amma ya nufi ɓata da ita. Wanda ya raba arzikin Shi ne Ya ce a bi sababi, kuma Manzonsa (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Ba a saɓa wa Mai bayarwa sannan a kafa hujja da kyautarsa.

AMMA BA MU GOYON BAYAN ZALUNCI

Kada azzalumai su ji wannan su yi murna. Haramcin tatu bai ba kowa lasisin cin mutuncin mai shi ba. Kowa ya san yadda rundunar SARS ta mayar da zane da gashin dada da waya mai tsada hujjar tare matasa a hanya, a lakaɗa musu duka a ƙwace musu kuɗi, har matasa suka fito zanga-zanga aka rusa ta ranar 11 ga Oktoban 2020. Wannan zalunci ne, kuma Musulunci ba ya hukunta mutum da zato.

Kuma muna tambayar masu tsarin: kuna tuɓe ɗan talaka kuna laluben tsuntsu a kafaɗarsa, to wa ke tuɓe mai zuwa da wasiƙar babban mutum? Wa ke duba zanen da ke zuciyar wanda ya sace kuɗin fansho da na magani? Da ana ganin tabon sata a fata kamar yadda ake ganin tawada, da manyan riguna da yawa ba su fita waje ba. Tsarin da ya buɗe wa yaro talabijin da waya ya cika masa ido da masu zane dare da rana, shi ne kuma ya tsaya a bakin ƙofa da sanda ya ce masa fita. Wannan munafunci ne. Sai dai sanin cewa alƙalin azzalumi ne ba dalili ba ne na ka miƙa masa wuƙar da zai yanka ka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

GA WANDA YA RIGA YA YI

Ɗan'uwana da kake karanta wannan kana jan hannun riga kana rufe damtse, da kai nake yanzu. Kada Shaiɗan ya ci riba biyu a kanka, ya sa ka yi zane sannan ya sa ka yanke ƙauna. Ƙofar tuba a buɗe take. Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya yi bayanin cewa in za a iya cire shi ba tare da cutarwa ba sai a cire, in kuwa ana tsoron illa ga jiki to a bar shi, tuba ta wadatar. Malamai da yawa sun kuma bayyana cewa tawadar tana ƙarƙashin fata ne, ba ta tare ruwa, don haka ka yi alwalarka ka shigo sahu. Ka nisanci ruwan batir da soda da dutsen guga da reza. In kana da hali ka ga likitan fata, in babu ka rufe ka yi haƙuri. Ka kama sana'ar da hannunka ne shaidarka: walda, wayarin, kanikanci, ɗinki, gyaran waya, noma. Mai injin da ya lalace ba ruwansa da kafaɗarka in dai injin ya tashi.

Mu kuma sauran 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah game da waɗannan bayin Allah. Kada mutum ya tuba ya zo masallaci mu riƙa zunɗensa a wurin alwala. 'Yan kasuwarmu da masu garejinmu da masu shagunanmu, in kun rufe wa mai tuba ƙofa kamar yadda bariki ta rufe masa, to 'yan daba da dillalan ƙwaya su tasu a buɗe take, kuma ba sa cewa a tuɓe riga. Ƙanen nan namu da na ba ku labari, wani ɗan'uwa mai shagon walda ne ya ɗauke shi, ya san da zanen, ya ce shi hannu yake nema. Yanzu wata bakwai ke nan, ya fara haɗa ƙofa da taga da kansa, kuma ya mayar wa tsohuwarsa tunkiya ɗaya. Allah Ya saka wa wannan ɗan'uwa da alheri.

Ku kuma da Allah Ya tsare har yanzu, masu zanen nan sun daina jira a Legas, suna cikin wayoyinku a TikTok da Instagram suna talla. Duk ranar da aboki ya ce ka zo a yi maka ɗan ƙarami wanda ba mai gani, ka tuna da layin nan da jami'i mai 'yar sanda, ka tuna da tumakin tsohuwa. Sama da duka ka tuna da ranar da za a tuɓe ka a kan makara ba da izininka ba, mai wanka ya ga abin da ka ɓoye, a mayar wa Mai amana amanarsa. Ka ba ƙanenka wannan jarida ya karanta, ka kai maganar majalisarku da filin ƙwallonku. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya tsare mana imaninmu da jikinmu, Ya karɓi tuban masu tuba, Ya buɗa wa matasan musulmi hanyar halal, Ya isar mana ga duk mai son lalata su. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.